Kilo Goma Sha Tara

Risibar babana tana suma.
Da fim ya kai inda jirgi ke fashewa
sai ta yi ƙas, ta ɗauke numfashi,
jar fitila ɗaya na ƙyafta ido cikin duhu.
Lasifika bakwai ya rataya mata,
biyun gaba sun kai tsawon yaro ɗan shekara goma,
ga ci kamar gara.
Bayanta kuwa, ka iya gasa burodi a kai.

Na ce, Baba, ta gaji.
Ya ce ba gajiya ba ce, ragwanci ne.
Haka yake faɗa game da gwiwarsa.

Ran Lahadi muka gangara daga tudunmu na Cordillera,
Valparaíso na hamma a ƙarƙashinmu,
zuwa kasuwar gwanjo ta titin Argentina,
inda Baldomero, mai yatsu tara,
ya shimfiɗa tsofaffin injuna a kan bargo.
Ya buga wani baƙin amfilifaya da tafin hannu.
Babu allo, babu rimot, maɓalli ɗaya tak.
Ya ce, wannan bai san komai ba sai ɗauka.
Ku leƙa bayan risibar,
in da ramuka biyu, ja da fari,
masu fitar da sauti tun yana jariri,
to ku miƙa wa wannan.
Ita ta ci gaba da rabo,
wace murya hagu, wace dama,
shi ya goya mata biyun gaba.

Baba ya yi shiru.
Shekara talatin da ɗaya Eleuterio Quilodrán
yana tsaye a tashar jiragen ruwa, ƙarƙashin kiren,
da hular kwano da usur.
Can ya ce, ni ma ban taɓa ɗaga kwantena ba,
yatsa nake ɗagawa.
Ya biya bai nemi ragi ba.

Keken hawan tudu ya lalace, kamar kullum.
Matakala ɗari da sittin.
Ya rungumi ƙarfen a ƙirji, ya hana ni taɓawa.
A ta arba'in da wani abu ya tsaya,
wai yana kallon teku.
Na kama gefe ɗaya.
Bai dube ni ba. Bai kuma ce in saki ba.

Da muka haɗa, abin da ya fara fitowa ƙugi ne,
zuuu, kamar zuma ta yi gida a bango.
Muka cire, muka mayar, ya zagi Baldomero da kakansa.
Ashe kowanne na shan wuta a soket dabam,
ƙasarsu ba ɗaya ba.
Muka haɗa su a kwano guda, ƙugin ya mutu.
Saura siririyar wayar nan
da ke taɓa amfilifaya in risiba ta farka,
ta ce, tashi, an fara.

Na zaci zai murɗa ƙara har Doña Herminia
ta bugo silinta da sandar mofa.
Bai murɗa ba.
Jirgin ya fashe, jar fitila ba ta ƙyafta ba.
Bayan wutar, a cikin fim ɗin,
aka fara yayyafi a kan rufin kwano,
ɗis, ɗis-ɗis, can ta hagu.

Baba ya miƙe da gwiwar tasa,
ya buɗe taga zai kwashe shanya.
Sama wasai. Fitilun jirage a kan ruwa.
Rigunansa uku a bushe, suna lilo.

Ya daɗe a wurin.
Da ya dawo ya ɗora tafinsa a bayan risibar
kamar mai duba zazzaɓin yaro.
Ɗumi kaɗan, shi ke nan.
Ya zauna, idonsa a kan allo, ya ce,
Maritza, ran Asabar in ba ki da aiki,
akwai tukunyar gas da za a hauro da ita.